Mene ne fanshon malamin makaranta, kuma wa yake samu?

Fansho shi ne kuɗin da ma'aikaci ke karɓa bayan ya yi ritaya, kuma ba kyauta ba ne. A Nijar, kowane wata ana cire wani kaso daga albashin ma'aikacin gwamnati, gwamnati ta ƙara nata, a zuba a asusun ritaya na ƙasa, FNR. Hukumar CARENI ce ke kula da biyan tsoffin ma'aikata, kuma yawan kuɗin ya danganta da shekarun aiki da matsayin albashi. Malaman makarantu masu zaman kansu kuwa hukumar CNSS ce tasu.

Matsalar tana wajen ƴan kwantaragi, wato malaman da ake ɗauka bisa yarjejeniya tun ƙarshen shekarun 1990. Su ne suka fi yawa a makarantun firamare, har da na ƙauyukan Dogon Dutsi, Matankari da Tibiri. Ɗan kwantaragin da ke tsaye da alli a hannu cikin ajin zana ba ya shiga asusun FNR sai ya samu lambar zama cikakken ma'aikaci, kuma wasu sukan shafe shekaru suna jira. Akan ce baitulmali ba zai iya ɗaukar kowa lokaci guda ba. Gaskiya ne, amma ana iya ɗauka rukuni-rukuni, a fara da waɗanda suka fi daɗewa, tunda aiki ɗaya suke yi da masu lamba. Jinkirin da ake yi yau shi ne ke rage abin da malamin zai ci a tsufansa. Ya kamata hukumomi su gaggauta.