Farautar talotalon daji a Amurka: ka biya ɗan jagora ko ka shiga daji da kanka?

Idan kana yawan zagaye a YouTube ko TikTok tsakanin Maris da Mayu, wataƙila ka taɓa cin karo da wani Ba'amurke ya jingina da bishiya tun asuba, sanye da kaya masu launin ganye, yana kwaikwayon kukan macen talotalo. Kakar farautar talotalon daji ke nan. Namiji ake nema, kuma sai an yaudare shi ya tako da ƙafarsa zuwa kamar taku arba'in kafin a harba.

Kada ka haɗa shi da talotalon gidanku mai tafiya yana rangaji. Wannan yana tashi sama, a kan bishiya yake kwana, ga ido kamar me. Ka ɗan motsa hannu ka kori sauro, shi ke nan, ya ɓace.

To a nan gardamar take. Wasu suna biyan kamfanin farauta, a haɗa su da ɗan jagora, a ba su masauki da abinci, a kai su filin wani mai zaman kansa. Ɗan jagoran ya riga ya san bishiyar da tsuntsayen ke kwana, shi zai yi kiran, kai dai ka zauna shiru. Kwana uku kan ci sama da dala dubu. Wasu kuma lasisi kawai suke saya, su buɗe manhajar taswira irin su onX, su nufi dajin gwamnati, su kwana a mota. Masu tashar The Hunting Public da wannan suka yi suna.

Araha ce, amma fa akwai wahala. Kana iya kwashe mako guda ba ka ji kukan namiji ko ɗaya ba, ko ka isa wurin da ka yi kwanaki kana lura da shi ka tarar motoci uku sun riga ka. Ka kuskure iyaka ka faɗa gonar wani, tara ce ke jiranka. Kuma inda maharba suka yi yawa, wani na iya jin kiranka ya ɗauka tsuntsu ne. Shi ya sa ake gargaɗin kada a sa ja, fari ko shuɗi, launukan kan namijin.

Wani lokacin ma ƙasar ce ke yanke maka hukunci. Nau'in Osceola a Florida kaɗai yake, kuma shiga da yawa daga filayen gwamnatin jihar sai ka ci ƙuri'a. A Texas, inda nau'in Rio Grande ya fi yawa, sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙasar mallakin mutane ne. Mai son haɗa nau'i huɗun da suke kira Grand Slam, da wuya ya tsira bai biya wani ba.

Ni dai a ganina, sabon shiga ya biya ɗan jagora sau ɗaya, amma ya je da niyyar koyo: ya tambayi dalilin zama a nan, da dalilin yin shiru yanzu. Bidiyon minti goma da kake gani, wallahi sau da yawa kwana biyar aka yi ana yawo kafin a same shi.