Saɓani a Kan Mota Mai Bakin Gatari

Duk wanda ya tsaya a ƙofar Babbar Kasuwar Yamai ya tambayi dattawan direbobi wace mota ce ta amsa sunanta, da wuya jawabinsu ya wuce Peugeot 504, wadda aka nuna wa duniya a baje kolin motoci na Paris a 1968; abin al'ajabi kuwa, a wannan taron ne kamfanin Bertone na Italiya ya fito da Alfa Romeo Carabo, ƙirar Marcello Gandini, mai tsinin gaba kamar bakin gatari, wadda tsayinta daga ƙasa bai cika mita ɗaya ba.

Daga nan mazhaba ta kafu a fannin ƙira, ta haifi Lamborghini Countach a 1974 da Lotus Esprit a 1976, har yau kuma ba a yi ittifaƙi a kanta ba. Masoyanta suna kafa hujja cewa tun da injin ya koma bayan direba, babu dalilin ɗaga hancin mota, gwamma a kwantar da shi ya tsaga iska, a ɓoye fitilu cikin jiki. Masu inkari kuwa suna tambaya, wace hikima ce a Countach, wadda mai ita, in zai yi baya, sai ya ɗaga ƙofa sama, ya zauna a bakinta yana waige, saboda ƙanƙantar tagar baya?

Ni dai ina tare da masoyan, domin Gandini, mai ƙirar Countach, bai taɓa nufin ta ɗauki buhunan gero zuwa Dosso ba. Kyan sura da gudu ya nema, ya kuwa samu. Countach ɗin da aka ƙera kafin a daina a 1990 ba su kai 2,000 ba.