Durango: Garin da jirgin ƙasa ya haifa a tsaunukan Colorado, da abin da baƙo zai tarar a cikinsa

Garin Durango yana kudu maso yammacin jihar Colorado ta Amurka, a gindin tsaunukan San Juan, kimanin mita 2,000 sama da doron teku. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna cikinsa sun ɗan haura 19,000. Abubuwa biyu suka riƙe sunansa a yau: wani tsohon jirgin ƙasa mai tafiya da tururi, da kuma kwalejin Fort Lewis da ke bisa tudu tana kallon gari. Kowannensu yana kawo wa garin arziki, kowannensu kuma yana ɗauke da bashin tarihi.

Yadda garin ya samu

Kamfanin jiragen ƙasa na Denver and Rio Grande ne ya kafa Durango a 1880. A lokacin ana haƙar azurfa da zinariya a tsaunukan da ke arewa, kamfanin kuma yana neman wurin da zai kafa tasha. Akwai wani ƙaramin gari mai suna Animas City a kusa, amma ba a daidaita da shugabanninsa ba. Sai kamfanin ya yanki fili ɗan nesa kaɗan ta kudu, ya shata tituna, ya sayar da filaye. 'Yan kasuwa suka bi tasha, Animas City ya dusashe, daga baya ma sabon garin ya haɗiye shi.

Jirgi ya iso Durango a 1881. A watan Yulin 1882 aka kammala layin da ya hau zuwa Silverton, garin masu haƙar ma'adinai, tazarar kilomita 72. Faɗin layin ƙafa uku ne kacal, ya fi tsohon layin dogon Najeriya mai ƙafa uku da rabi ƙanƙanta. An zaɓi hakan ne domin siririn layi ya fi sauƙin lanƙwasawa a jikin dutse, kuma ya fi arha.

Jirgin da ba ya zuwa ko'ina sai Silverton

A ƙarshen shekarun 1960 aka daina amfani da layin da ya haɗa Durango da sauran ƙasa. Saboda haka garin da jirgi ya haifa ba a iya zuwansa ta jirgin ƙasa a yau. Baƙo sai dai ya sauka a filin jirgin sama na yankin, ko ya yi tafiyar awa shida zuwa bakwai a mota daga Denver.

Layin Silverton kaɗai ya tsira, kuma 'yan yawon buɗe ido ne suka cece shi. Tafiyar tana ɗaukar kusan awa uku da rabi, jirgin yana bin kwarin kogin Animas, wani wurin yana rarrafe a gefen dutse, ruwa na gudu can ƙasa. Daga Mayu zuwa Oktoba ake kaiwa har Silverton. Da hunturu dusar ƙanƙara kan sa a tsaya a hanya a juyo.

Sai dai tururin yana da nasa hatsari. Ranar 1 ga Yunin 2018 gobara ta tashi a dajin da ke gefen layin, ta cinye sama da eka 54,000, ta tilasta wa dubban mutane barin gidajensu. Gwamnatin tarayya ta kai kamfanin ƙara, tana cewa tartsatsin gawayin kwal daga injin jirgin ne sanadi. A 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 20, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Tun bayan gobarar aka fara sauya injinan daga kwal zuwa mai.

Kwalejin da alƙawari ya ɗaure

Sunan Fort Lewis na barikin soja ne. A 1891 aka mayar da barikin, wanda ke yamma da Durango, makarantar kwana ta gwamnati domin 'ya'yan ƙabilun asali na Amurka, irin su Ute da Navajo. Manufar irin waɗannan makarantu ita ce a raba yaro da harshensa da al'adarsa. Wani rahoto da hukumar tarihi ta jihar Colorado ta fitar a 2023 ya gano cewa aƙalla yara 31 sun mutu a wannan makaranta.

A 1911 gwamnatin tarayya ta miƙa wa jihar filin bisa sharaɗin cewa zai ci gaba da zama wurin karatu, kuma ɗaliban ƙabilun asali ba za su biya kuɗin koyarwa ba. Makarantar ta zama kwaleji, ta koma Durango a 1956, amma sharaɗin bai faɗi ba. Har yau ɗalibai daga ƙabilu sama da 100 suna karatu a can, jihar Colorado ce kuma ke biyan kuɗin, ko da ɗalibin daga wata jiha ya fito. Wannan ya sa aka sha muhawara a kan ko ya kamata gwamnatin tarayya ta ɗauki wani ɓangare na nauyin.

Abin da baƙo zai kula da shi

Tashar jirgin tana ƙarshen babban titin garin, inda gine-ginen jan bulo na ƙarni na 19 suke tsaye, ciki har da otal ɗin Strater da aka gina a 1887. Kogin Animas ya ratsa gari, ana wasan kwale-kwale a cikinsa. Shi ne kogin da ya rine ya koma ruwan ɗorawa a Agustan 2015, lokacin da galan miliyan uku na gurɓataccen ruwa ya ɓalle daga tsohon ramin ma'adinai na Gold King. Kimanin awa ɗaya a mota ta yamma akwai Mesa Verde, inda kakannin ƙabilun Pueblo suka gina gidaje a cikin kogunan duwatsu fiye da shekara 700 da suka wuce.

Iskar wurin ba ta da kauri, musamman a Silverton da ya haura mita 2,800. Wanda ya fito daga ƙasa mai kwari yakan ji haki ko ciwon kai a kwanakin farko, don haka ana son ya yawaita shan ruwa, ya kuma tanadi rigar sanyi ko da bazara ce. Mai son kujera a jirgin a watannin Yuli da Agusta kuwa, gara ya sayi tikiti tun kafin ya baro gida.