Oksimita ta nuna 98, mutum kuma yana mutuwa: abin da wayarka da agogonka ba za su gaya maka ba

Tun zamanin korona ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wato oksimita, ta cika shagunan magani. Yanzu kuma kusan duk agogon zamani da ake tallata mana a Facebook da TikTok za ka ga an rubuta SpO2 a kwalinsa, har da masu arha. To idan aka yi hatsari, ko wani ya yanke jiki ya faɗi, waɗannan kayan suna da amfani? Suna da shi, amma kaɗan ne, kuma akwai inda suke yaudara. A mintunan farko hannunka ne ke aiki.

Ɗauki hanyar Katsina zuwa Daura, wadda ta ratsa ta Mashi. Motocin haya, manyan motoci, babura masu goyon mutum biyu ko uku, duk a kan titi ɗaya. Idan aka yi karo a tsakani, kafin a kai mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin Daura, tafiya ce mai nisa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 idan iskar oksijin ta yanke mata. Ke nan waɗanda suka fara taruwa a wurin, da wayoyi a hannu, su ne ke da wannan lokacin.

Yadda oksimita ke aiki

Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Na'urar tana haska fitila biyu ta cikin yatsa, ɗaya ja, ɗaya kuma irin hasken da ido ba ya gani. Jinin da ya ɗauki oksijin da wanda bai ɗauka ba kowanne da yadda yake shanye waɗannan hasken. Sai ta kwatanta, ta yi lissafi, ta fitar da lamba. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100.

Ka lura, ba numfashi take gani ba. Launin jini take hasashe. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san cewa idan bayanin da ya shigo gurɓatacce ne, lissafi ba zai gyara shi ba, sai dai ya fito maka da amsar banza cikin kyakkyawan rubutu.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne hayaƙin janareta. A cikinsa akwai guba mai suna kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini a daidai gurbin da oksijin ke zama, oksimita ta yau da kullum kuma ba ta iya bambance su. Mutum ya kwana da janareta a zaure ko kusa da taga, ya tashi da ciwon kai da jiri da amai, ko ma a kasa tashinsa, a maƙala masa na'ura ta nuna 98, kowa ya ce da sauƙi. Babu sauƙi. A fitar da shi waje inda iska ke kaɗawa, a nufi asibiti, ko me lambar ta ce. Haka gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu.

Sai launin fata. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka gano cewa na'urar tana kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Wato mu ne take ƙara wa maki. Baƙin lalle da jan farce ma suna rikita ta. Idan yatsa ya yi sanyi, ko mutum ya zubar da jini da yawa, takan kasa karantawa ko ta riƙa tsalle. Kuma tana makara: numfashi zai iya tsayawa lambar ba ta sauka ba sai bayan ɗan lokaci.

Manhajojin da ke cewa ka ɗora yatsa a kan kyamara su auna maka oksijin, ka manta da su. Agogo mai arha kuwa ga gwaji: ɗaura shi a jikin kwalba ka danna awo. Idan ya ba kwalba 97, ka san abin da ka saya.

Abin da hannu ke yi

Wanda ya suma yana kwance rigingine, harshensa kan saki ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Wannan kaɗai yana kashe mutumin da rauninsa bai kai na mutuwa ba. Idan ka ji yana minshari, ba barci ba ne, hanya ce ta ƙuntata. Idan ka ji kamar ana kurkure baki, jini ne ko amai ya taru.

Da farko ka tabbatar wata motar ba za ta zo ta haɗa da kai ba. Ka kira shi da ƙarfi, ka taɓa kafaɗarsa. Idan bai amsa ba, ɗora hannu ɗaya a goshinsa, yatsu biyu a ƙarƙashin haɓa, ka ɗaga haɓar kai ya ɗan koma baya. Idan hatsarin mota ne ko faɗowa daga sama, inda wuya zai iya karyewa, ka durƙusa ta saman kansa, ka riƙe kan kada ya motsa, ka sa yatsu a bayan muƙamuƙi ta gefe biyu ka turo shi gaba. Idan hakan bai buɗe hanya ba, ɗaga haɓar a hankali, don numfashi ne gaba da komai. Abin da ka gani ƙarara a baki ka cire, amma kada ka zura yatsa kana lalube.

Sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa, idonka a ƙirjinsa, na daƙiƙa 10. Idan yana numfashi daidai, a juya shi kan gefensa don amai ya zubo waje. In ana zargin wuya, mutum ɗaya ya riƙe kai, sauran su juya jikin gaba ɗaya tare. Idan ba ya numfashi, ko kuwa yana wata irin shaƙuwa jefi-jefi kamar kifin da aka fitar daga ruwa, wannan ba numfashi ba ne. A fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya yana hura iska sau 2 bayan kowane danni 30. Wanda bai koya ba ya yi ta danni kawai.

Abu biyu da muka saba yi da kyakkyawar niyya suna kisa: ɗura wa wanda ya suma ruwa, da cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki. Ruwan huhu yake tafiya. Cokalin kuma haƙori yake karyawa, guntun ya faɗa maƙogwaro.

Inda waya ke da rana

Lambar 112 kyauta ce a kowane layi, 122 kuma ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce. Sa wayar a lasifika ka ajiye ta a ƙasa, hannayenka su samu sarari. Ka nuna mutum ɗaya takamaimai ka ce shi ya kira, don idan ka ce “a kira” kowa zai zaci wani ya kira. Yawancin wayoyi masu Android 12 zuwa sama suna da kiran gaggawa ta hanyar danna maɓallin kunnawa sau 5. Shiga saiti yau ka duba ko naka a kunne yake. Fitilar waya tana haska cikin baki da dare. Agogon wayar kuma ka duba lokacin da mutum ya suma, likita zai tambaya. Ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: babban mutum 12 zuwa 20 ne daidai. A wurina wannan ƙirgen ya fi lambar agogon dubu kaɗan gaskiya. Bidiyo kuwa, wanda shi muka fi ƙwarewa a kai, ba ya cikin jerin.

Na'urar da ta fi burge ni a wannan fanni ba ta da batir. Jakar Ambu ce, wata robar da ake matsawa da hannu tana tura iska ta abin rufe baki da hanci, wadda likita Henning Ruben da injiniya Holger Hesse suka ƙirƙira a Denmak a shekarun 1950. Har yau ita ce a motocin asibiti na duniya. Sai dai tana son horo, don idan ba a buɗe hanya daidai ba ciki za ta cika da iska maimakon huhu. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon farko, kuma kuɗin agogo guda ya fi kyau a kashe shi a can.

Idan motar asibiti ba ta samu ba aka ɗauke shi a motar haya, kada a zaunar da shi kai ya langaɓe kan ƙirji, kada kuma a bar shi rigingine shi kaɗai a baya. A kwantar da shi kan gefe, mutum ɗaya ya zauna ta kansa yana riƙe da haɓa yana kallon ƙirji har a isa. Masu gudun ɗaukar mutum don tsoron a ce sai an kawo takardar 'yan sanda su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili.