Shirin Musamman: Kasuwar Izinin Hayaƙi a Turai

Yau shirin namu zai leƙa Turai, inda tun 2005 ake cin wata kasuwa da ba a ganin hajarta da ido, wato izinin fitar da hayaƙi.

Tarayyar Turai ce ke ƙayyade yawan iskar kabon da tashoshin lantarki da manyan masana'antu za su fitar, sai ta kasa adadin zuwa takardun izini, kowace takarda tan ɗaya. Kamfanin da ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar takardunsa, wanda ya zarce kuwa ya sa hannu a aljihu. Ta haka, wanda ragewa ta fi yi wa araha shi ke fara ragewa.

Da farko tsada kowa ke tsoro. Masu ƙarfe da siminti suka ce za su tattara komatsansu su koma ƙasashen da babu ruwansu da wannan doka. Gwamnatoci suka yi ta raba takardu kyauta har suka wuce buƙata. A 2006 ainihin alƙaluman hayaƙi suka fito, asiri ya tonu, farashin da ya kai wajen Yuro 30 ya faɗi warwas, kamar na tumatir ranar da motoci suka cika kasuwa. Da yake ba a yarda a ajiye takardun zuwa zango na gaba na kasuwar ba, kafin ƙarshen 2007 ko kyauta ba mai so. Sai ga karyewar tattalin arziki ta 2008, masana'antu suka rage aiki, rarar takardu ta taru har wajen biliyan 2. A 2013 farashi ya sauka ƙasa da Yuro 5. To a wannan kuɗi, wa zai rufe tashar kwal ɗinsa?

Birtaniya ba ta tsaya jira ba. A wannan shekarar ta ɗora nata harajin a kan farashin kasuwa ga masu samar da lantarki, kwal ya daina biyan kansa. Ƙasar da a 2012 kwal ke ba ta wajen kashi 40 cikin ɗari na wutarta, ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, ranar 30 ga Satumba, 2024. A ganina wannan dabara ta fi, domin mai zuba jari ya san inda farashi ba zai sauka ƙasa da shi ba.

Ita Tarayyar sai a 2019 ta buɗe ma'ajiyar da ke janye rarar takardu daga kasuwa, ta sake su in sun yi ƙaranci. A Fabrairun 2023 farashi ya taɓa Yuro 100. Poland, mai dogaro da kwal, ta daɗe tana kukan tsadar wuta.

Su ma takardun kyauta na wasu masana'antu ana janye su sannu a hankali daga 2026 zuwa 2034, a maye gurbinsu da kuɗin kabon a bakin iyaka. Duk mai kai wa Turai ƙarfe, siminti, alminiyam ko takin zamani, daga Afirka ne ko daga ina, sai ya faɗi tan nawa na hayaƙi aka fitar wajen sarrafa kayansa.