Maganaɗisu ne ke riƙe da feshin M87

A tsakiyar gungun taurarin nan mai suna M87, wanda haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan 55 kafin ya iso mu, akwai baƙin rami mai nauyin rana biliyan 6.5. Daga gefensa ne wani siririn feshi ke tsartuwa zuwa nisan da haske kan yi dubban shekaru kafin ya ratsa. Masanin taurari Heber Curtis ne ya fara lura da shi a 1918. A ganina, maganaɗisu ne ya hana shi watsewa, kuma shaidar tana cikin haskensa. Hasken fitila kan kaɗa ta kowace fuska, amma a 1956 wani masanin taurari, Walter Baade, ya gano cewa na wannan feshi ya karkata ga fuska guda. Haka haske ke fita idan ilektiron masu gudu kusa da saurin haske suna kewaya layukan maganaɗisu, don haka fuskar kaɗawar na nuna yadda layukan suka kwanta.

Mai ja zai ce iskar gas da ke kan hanya tana murɗa fuskar hasken, ta ɓata lissafi. Gaskiya ne, sai dai murɗawar ta fi tsanani a haske mai dogon zango, saboda haka in aka auna a zango daban-daban ana iya cire ta. A 2021 na'urorin hangen sararin samaniya na Event Horizon Telescope sun nuna tsararren maganaɗisu a bakin ramin, na'urar VLA ta Amurka kuma ta gano cewa ya nannaɗe feshin kamar tufkar igiya.