Daga gadon majinyaci zuwa toka: Yadda ake ƙona sharar asibiti, da abin da ya shafi Jimeta

Duk allurar da aka yi wa majinyaci a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke cikin garin Yola, ko a ƙaramin asibitin unguwa a Jambutu da Doubeli, tana barin abu a baya: sirinji, tsinin allura, da audugar da aka danne wurin da ita. Majinyaci zai warke ya koma gida, amma waɗannan tarkace suna nan, kuma wasunsu na ɗauke da cutar da ta kawo shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida: takardu, kwalaye, ragowar abinci. Kashi 15 da suka rage su ne masu haɗari. A cikinsu akwai allurai da wuƙaƙen tiyata, bandeji da safar hannu masu jini, ledojin ƙarin jini, ragowar gwaje-gwaje da magungunan da wa'adinsu ya ƙare. Hukumar ta ce idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da cuta ta soki mutum, yiwuwar ya kamu da ciwon hanta nau'in B ta kai kashi 30 cikin 100, nau'in C kashi 1.8, cuta mai karya garkuwar jiki kuwa kashi 0.3. Mutanen da suka fi kusa da wannan haɗari su ne masu share ɗakunan jinya, masu kwasar shara, da 'yan bola jari da ke tonon juji hannu ba safa.

Aikin yana farawa ne a bakin gado

Kafin a kai ga maganar wuta, sai an rarrabe shara a daidai inda aka samar da ita. Tsarin da ake koyar da ma'aikatan lafiya a Najeriya na launuka ne: baƙar leda ta sharar yau da kullum, rawaya ta abin da ke iya yaɗa cuta, ja ta mafi tsananin haɗari, sai ruwan ƙasa ta magunguna da sinadarai. Allurai suna da akwatinsu na kwali mai kauri, wanda ake rufewa idan ya cika kashi uku cikin huɗu, ba a kuma sake buɗe shi.

Idan ma'aikaci ya jefa bandeji mai jini guda ɗaya cikin baƙar leda, duk abin da ke cikinta ya zama mai haɗari. Idan kuma ya cika rawayar leda da ɓawon lemo da robar ruwa, asibiti zai ƙona mai a kan abin da motar shara ta gari za ta iya kwashewa.

Zafin Yola ma yana da ta cewa. A ƙasashe masu zafi, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada shara mai cuta ta wuce awa 48 a ajiye lokacin sanyi, ko awa 24 lokacin bazara, sai idan akwai ɗakin sanyaya ta. A garin da zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wannan na nufin kwasa kullum.

Akwai kuma abin da al'ada da addini ba su yarda ya shiga wuta ba. Mabiyiya da gaɓar da aka yanke a tiyata, galibi iyalai ne ke karɓa su binne, asibitoci kuma kan tanadi rami na musamman domin waɗanda ba a karɓa ba.

Ɗakuna biyu, wuta biyu

Na'urar ƙona sharar asibiti tanderu ce mai ɗakuna biyu, an jera cikinta da bulo mai jure zafi. Ba a zuba komai sai an kunna ta da man dizal ko gas ta yi zafi tukuna. Daga nan a auna ledojin, a rubuta nauyinsu, a tura su ɗakin farko ba tare da an kwance su ba.

A ɗakin farko ana taƙaita iskar da ke shiga. Sharar takan bushe, ta kama, ta rikiɗe zuwa toka da hayaƙi mai kauri. Ƙwayoyin cuta a nan suke mutuwa. Amma hayaƙin da ya tashi cike yake da guba, don haka ake jan sa zuwa ɗaki na biyu, inda ake ƙara masa iska da wata wutar. Ƙa'ida ita ce ya zauna aƙalla sakan biyu a zafin da bai gaza digiri 850 a ma'aunin Selshiyos ba, kuma a kai shi 1,100 idan sharar na da sinadarin kulorin da yawa.

Dalilin wannan tsanani shi ne roba. Ledojin jini da bututun ƙarin ruwa da yawa an yi su ne da robar PVC mai kulorin. Idan ta ƙone a wuta maras ƙarfi, takan haifar da gubar da ake kira dayoksin, wadda aka tabbatar tana jawo cutar daji. Gubar ba ta ruɓewa da wuri. Takan sauka kan ciyawa da ƙasa, ta taru a kitsen dabbobi da kifi, ta shiga madara da ƙwai. Tana cikin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta lissafa, wadda Najeriya ke cikinta.

A manyan masana'antun ƙona shara na zamani, aikin bai ƙare a ɗaki na biyu ba. Ana sanyaya hayaƙin cikin gaggawa zuwa ƙasa da digiri 200, domin gubar na iya sake haɗuwa idan ya huce a hankali. Sai a fesa masa garin farar ƙasa ya kashe tsaminsa, da garin gawayi na musamman ya kama ragowar guba da zaiba, sannan ya ratsa matatar yadi kafin ya fita ta dogon bututu. Na'urar da ke aiki daidai, da ƙyar ake ganin hayaƙinta. Baƙin hayaƙi alama ce ta wutar da ba ta kai ba.

Ba komai ake sakawa ba. Ma'aunin zafin jiki mai zaiba, batura, gwangwanin feshi da duk abin da ke fitar da tururin nukiliya, kowanne da hanyarsa daban. Tokar da ta rage, wadda girmanta bai fi kusan kashi goma cikin 100 na abin da aka zuba ba, tana ɗauke da dalma da wasu ƙarafa, har da tsinin allurai da ba su narke ba. Wurinta rami ne mai daɓen siminti da murfi.

Kogin Binuwai na kusa

A nan ne batun ya fi shafar Jimeta. Garin yana bakin Kogin Binuwai, ga Tafkin Geriyo inda ake noman rani da kamun kifi, ga unguwannin da suka dogara da rijiyoyi da burtsatse. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna iyakar da ruwa ke kaiwa idan kogin ya cika. Ramin toka da aka haƙa a kwari, ko jujin da aka binne allurai sama-sama, ruwa ne zai tone shi ya raba wa jama'a.

Dokar ba ta rasa ba. Tun bayan gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 Najeriya ta haramta zubar da shara mai cutarwa, kuma a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli. Gizon yana saƙa ne a wajen kuɗi. Tanderu na shan dizal sosai, yana buƙatar lantarki domin fankokinsa, da ma'aikaci mai horo, da gyaran bulo a kai a kai. Ƙaramin asibiti mai gado goma ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Akwai ƙaramin tanderun bulo samfurin De Montfort, wanda aka ƙirƙira a Ingila domin asibitocin karkara, amma ba shi da matatar hayaƙi, bai dace da tsakiyar unguwa ba.

Shi ya sa birane da dama suka koma ga cibiya ɗaya da kowa ke kai wa shara ya biya gwargwadon nauyi. A Legas, hukumar LAWMA ce ke bi asibitoci tana kwasa, kuma ana kashe cutar wani ɓangare na sharar da tururi mai matsi maimakon wuta. Jimeta da Yola da Girei kusa suke da juna, mota ɗaya mai rufi na iya zagaya su a wuni guda. Irin wannan tsari zai bai wa ɗakin shan magani, ɗakin gwajin jini da kemis ɗin unguwa wurin kai akwatin allurarsu idan ya cika.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ke hannun kowa. Mai jinyar ɗan uwa zai iya duba ko akwai akwatin allura a ɗakin, ya kuma tambaya idan babu. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura a gida ya tara ta cikin gora mai kauri da murfi, ya miƙa wa asibiti, kada ya jefa ta kwandon da yara za su kai bola.